Mota Mai Fetur Ko Mai Lantarki: Wace Ta Fi Arha?

Tun ran 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, iyayenmu masu mota ba su sake sakewa ba. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Shi ya sa wasu ke cewa a koma wa mota mai lantarki a huta. Ni dai a ganina maganar ba ta kai nan sauƙi ba.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Ƙaramar mota takan sha kamar lita 8 a kilomita 100, watau naira 8,000 ke nan a farashin 2024. Mai lantarki kuwa takan ci wajen yunit 18. Ko da an biya naira 225 kowane yunit, kamar yadda aka yanka wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, kuɗin bai fi 4,050 ba. Rabi ke nan. Ga shi ba ta bukatar juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, balle a yi ta zarya gun bakanike.

To, amma ina gizo ke saƙar? Na farko kuɗin saye. Sabuwa ta fi takwararta mai fetur tsada, domin batirinta kaɗai babban kaso ne na kuɗinta. Kamfanoni sukan ba da lamunin shekara 8 a kan batirin, alhali mu yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, sai sun tsufa a Turai ko Amurka suke iso mana. Wanda ya sayi mai lantarki haka, ya sayi batirin da lamuninsa ya ƙare, ga zafin ƙasarmu da ke gajiyar da shi. Ran da ya mutu, duk abin da aka tara na rarar mai ba lalle ya sayi wani ba.

Sai batun wuta. Gidan da ke kwana biyu cikin duhu, in ya tayar da janareto don cajin mota, ai fetur ɗin da ya gudu shi ya saya. An buɗe tashar caji mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, amma matafiyi daga Kano zuwa can, a ina zai tsaya a hanya?

Saboda haka ina ganin masu tasi da A Daidaita Sahu ta fi dacewa da su, don kullum suna yawo cikin gari, rarar kuɗin mai za ta biya su da wuri, in an kafa musu wurin caji a tasha. Malamin da ke zuwa makaranta ya dawo, ya riƙe tsohuwarsa tukuna.