Gasar Prince Rupert da Tambayar Wane Ne Ɗan Gida

A gaɓar tekun Fasifik, can arewa maso yammacin Kanada, akwai wani gari na masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa mai suna Prince Rupert, wanda mutanensa ba su wuce 13,000 ba. Tun daga 1960, kowace shekara a tsakiyar sanyin hunturu, ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, watau waɗanda Turawa suka tarar, sukan hallara a wannan gari don gasar ƙwallon kwando ta mako guda. Haida sukan ƙetaro teku daga tsibiransu, Nisga'a da Gitxsan su gangaro daga kwarin kogunansu, Haisla da Heiltsuk su hauro daga kudu, har daga Alaska akan zo. Annobar korona ce ta hana a yi ta a 2021, amma da shekara ta kewayo aka koma fili.

Wanda duk ya ɗauki wannan taro a matsayin wasa kawai, lalle bai karanta tarihin mutanen ba. Daga 1885 har zuwa 1951 dokar Kanada ta haramta musu babban bikinsu na gargajiya, wanda a cikinsa ake naɗa sarauta, a raɗa suna, a raba dukiya a gaban shaidu. An kuma kwashi 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake dukan yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. To, mutanen da aka raba da dandalinsu sai suka mai da filin ƙwallo dandali. Shi ya sa ake buɗe gasar da ganguna da raye-raye da tufafin gado, kuma ɗan wasa ba sunan kamfani yake ɗauke da shi a ƙirji ba, sunan ƙauyen iyayensa ne. Kuɗin jirgi da na masauki kuwa, jama'ar ƙauye ke tara yawancinsa a hankali cikin shekara.

Amma abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne abin da ya faru a 2016. Akwai wani saurayi da aka haifa a Haiti, baƙar fata, wanda wani mutumin Heiltsuk ya ɗauke shi riƙo tun yana jariri. Heiltsuk sun karɓe shi ɗa, gwamnati ma ta ba shi takardar shaida, ya kuma riga ya buga wa ƙungiyarsu wasa a baya. Sai kwamitin gasa ya hana shi shiga fili, bisa ga wata ƙa'ida da ta ce dole ɗan wasa ya kasance yana da aƙalla kashi ɗaya cikin takwas na jinin 'yan asali. Maganar ta kai gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin, kana daga bisani kwamitin ya soke ƙa'idar.

Ba za mu yi wa kwamitin rashin adalci ba. Tsoronsu yana da tushe. Duk inda aka sa kofi, akwai mai neman ɗauko ƙwararre daga waje ya laƙa masa sunan gida, kuma in aka bar ƙofa a buɗe, ba da daɗewa ba yaran ƙauye za su koma 'yan kallo a bikin kakanninsu. Gasar da ta rayu shekara fiye da 60 ba ta rayu da sakaci ba.

Duk da haka muna ganin sun yi kuskure, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne. Auna mutum da awon jini, kamar ana auna hatsi da mudu, ba al'adar Heiltsuk ba ce. Su a wurinsu ɗan riƙo ɗa ne. Masu mulkin mallaka ne suka zo da ɗabi'ar zama a ofis a yanke wa wata al'umma wane ne nata. Dokar Indiyawa ta 1876 ita ta riƙe wannan iko a Kanada, kuma har zuwa 1985 macen da ta auri bare takan rasa matsayinta, ita da 'ya'yanta, alhali kuwa namijin da ya auro bare matarsa samun matsayi take yi. Abin takaici ne a ce gasar da ta tsiro daga ƙin irin wannan hukunci ita ce ta ari ma'aunin ta gwada a kan ɗanta.

Da yawa daga cikinmu gobe za mu zauna bayan tebur, a kawo mana takardun shaidar asali mu sa hannu, don haka tambayar ba ta yi mana nisa kamar Kanada ba. Abin da muka fi lura da shi a wannan shari'a shi ne wanda ya tsaya wa yaron: shugabannin Heiltsuk ne da kansu suka ce nasu ne. Kwamitin yana da hanyar kare gasarsa ba tare da awon jini ba, watau ya tambayi kowane ƙauye su wane ne 'ya'yansa, ya kuma kama ƙauyen da laifi in ya yi ƙarya. Mutanen Bella Bella sun fi kowane kwamiti a Prince Rupert sanin wanda suka goya.