Guguwar Atlantika: Daga Sahel Lissafin Ke Farawa

Hadarin da ke tasowa daga gabas a watan Agusta, ya kwantar da gero a Damagaram, ba a nan tafiyarsa ke ƙarewa ba. Yakan ratsa Mali da Senegal ya faɗa tekun Atlantika, inda ruwan da ɗuminsa ya haura digiri 26 ke iya mai da shi mahaukaciyar guguwa. Galibin manyan guguwowin da ke kwashe rufin gidaje a Haiti da Florida, a sararin Sahel suka faro.

William Gray na Jami'ar Jihar Colorado, wanda ya fara fitar da hasashen kakar guguwa a 1984, ya lura da wannan alaƙa: in damina ta yi kyau a Sahel, guguwowi masu ƙarfi kan yawaita, kuma a shekarun fari na 1970 da 1980 sun ragu.

Sai kuma tekun Pasifik. Idan gabashinsa ya ɗumama, wato El Nino, iskar sama a Atlantika kan ƙaru ta tarwatsa hadari tun bai haɗu ba. Idan ya yi sanyi, wato La Nina, hanya ta buɗe. Haka aka gani a 2020, guguwa 30, har sunayen da aka tanada suka ƙare.

Amma lissafin ba ya tafiya daidai kullum. A 2023 akwai El Nino, duk da haka aka samu guguwa 20, domin Atlantika ya yi zafin da ba a saba gani ba. A 2024 damina ta haura arewa har cikin Sahara, ambaliya ta mamaye Nijar, Chadi da Maiduguri, hadarurruka suka riƙa faɗawa teku ta inda ruwa ke da sanyi. Atlantika ya yi tsit na makonni a lokacin da masana ke jiran tashin hankali.

Wannan jarida na ganin babban giɓin yana nan gida. Tashoshin da ke sakin balan-balan na auna iskar sama sun yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, alhali cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET suna Yamai. Ƙasashen da ke cin moriyar hasashen ya kamata su sa hannu a aljihu, gwamnatocinmu kuma su ware wa hukumar hasashen yanayi ta NiMet da takwarorinta kuɗin kayan aiki a kasafin kowace shekara, domin awon da ke gargaɗin Miami shi manomin Kebbi ke buƙata kafin ruwa ya shanye masa shinkafa.