Kare Mai Na'ura a Wuya da Kare Marar Allura

A kwanakin nan, duk wanda yake da wayar hannu a Banyo ko a Garwa yana iya kallon abin al'ajabi ba tare da ya bar gindin mangwaro ba. Bayan an tashi daga sujada, matasa sukan taru suna miƙa wa juna waya, suna kallon karnukan Turai da na Amurka. Ga wani kare da na'ura a wuyansa, wadda take magana da tauraron ɗan adam, tana nuna wa ubangidansa duk lungun da ya shiga. Ga wani kwano mai agogo wanda yake zuba wa kyanwa abinci da kansa in lokaci ya yi. Ga kuma kamara mai suna Furbo, wadda mutum zai zauna a ofis yana ganin karensa a gida, yana yi masa magana, har ya danna waya a jefa masa ɗan abin taunawa. Waɗansu sukan yi dariya har da hawaye. Waɗansu kuwa sukan yi shiru, suna lissafin ranar da su ma za su sayi irin wannan. Dukansu biyu suna bukatar a yi musu magana.

Wannan ciniki ba sabo ba ne. A shekara ta 1999 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya ƙera karen ƙarfe mai suna Aibo, wanda yake tafiya yana kaɗa wutsiya. Da kamfanin ya daina gyaran waɗanda suka lalace, sai masu su suka riƙa kai su wani haikalin addinin Buda domin a yi musu jana'iza. A 2002 wani kamfanin Japan mai suna Takara ya fito da na'urar BowLingual, wai tana fassara haushin kare zuwa maganar mutum. A 2023 kaɗai, mutanen Amurka sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobin da suke ajiyewa a gida, bisa ga lissafin ƙungiyar masu wannan kasuwa. Cikin kuɗin nan akwai na abinci da na likita, waɗanda ba laifi a cikinsu. Amma akwai na riguna, da takalma, da turare, da keken tura kare kamar jariri.

Kare bai san darajar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bai taɓa roƙon turare ba, gama hancinsa ya fi na mutum nesa, ƙanshin da yake daɗaɗa wa mutum rai damuwa ne a gare shi. Mai sayen kayan nan kansa yake saya wa, domin a gani a ce wane ya isa. Kamarar da take jefa wa kare abinci ma shaida ce cewa an kulle dabba ita kaɗai tun safe har dare. Saboda haka ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya fara marmarin a aiko masa da irin wannan kaya daga Duwala ko Yawunde, ya tambayi kansa tukuna ko an biya kuɗin makarantar ɗan ƙanensa, ko gwauruwar da take zama a bayan majami'a ta ci abinci jiya.

Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Mai yi wa Bature dariya ya juyo ya dubi karen da yake kwance a ƙofar gidansa. Haƙarƙarinsa a waje, kunnuwansa sun cika da kaska, ƙudaje suna bin gyambon da yake kansa. Da dare shi ne mai gadi, da rani shi ne abokin farauta, a gona shi ne mai korar birai daga masara. Ladansa ƙanzon tukunya ne in ya ragu, in bai ragu ba sai ya tafi juji. Tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa allura ba. Wannan sakaci ya fi almubazzarancin Bature muni, domin almubazzaranci kuɗi yake ci, sakacin nan kuwa rai yake ci.

Ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, bisa ga kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kashi 95 cikin 100 na waɗannan suna Afirka da Asiya. Wajen kashi 40 cikin 100 yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba, gama yara ne suke wasa da karnuka, su ne kuma sukan ɓoye cizo don tsoron duka. Kusan dukan masu kamuwa, daga kare suke samunsa. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga rauni, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Raunin ya warke, kowa ya manta. Ran nan sai yaro ya fara zazzaɓi, ya kasa haɗiyar ruwa, ganin ruwan ma ya zama abin firgita a gare shi. In an kai nan, sai dai a yi ta'aziyya, domin da wuya ƙwarai a sami wanda ya tashi.

Abin baƙin ciki shi ne, maganin rigakafin ya girmi kakannin kowa. Tun ran 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura a birnin Faris bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Masana sun tabbatar cewa in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Kada wani ya ce wannan sai a ƙasar Turawa. A Njamena, babban birnin Cadi, an yi wa karnuka allura unguwa unguwa a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta ɓace daga birnin har watanni da dama. Da ta komo, daga karnukan waje ta komo, abin da ya nuna cewa aikin na kowace shekara ne, na birni da ƙauye tare. Ƙasar Meziko ta daɗe tana yin haka, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta rabu da wannan annoba ta hanyar cizon kare.

Mutanen Adamawa ba baƙi ba ne ga allurar dabbobi. Makiyayin Mayo Banyo ya san abin da sammore ya yi wa garkuna sa'ad da ƙudan tsando ya mamaye makiyaya. Dattawa suna tune da bushiya, wadda ta karkashe shanu a shekarun 1980, wadda kuma allura ta kawar da ita daga duniya duka a 2011. A Bokle, kusa da Garwa, akwai LANAVET, ma'aikatar da aka kafa a 1983 domin yin maganin rigakafin dabbobi. Mutum yakan kora saniyarsa tafiyar yini domin a yi mata allura, gama saniya kuɗi ce. Kare ba ya zuwa kasuwa, don haka ba a tuna da shi. Ashe, rayukan yaran unguwa ba su kai farashin maraƙi ba?

Wani zai ce ba shi da kuɗin allurar kare. To, ya lissafta kuɗin allurar mutum. Wanda kare ya ciza yana bukatar allura sau da dama a ranaku dabam dabam, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta kiyasta cewa a 2018 wannan yakan ci wajen dala 108, ninkin ba ninkin na allurar kare. In ba a sami maganin a kusa ba, sai a kama hanyar Tibati zuwa Ngaundere, da kuɗin mota, da na masauki, da gonar da aka bari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan magana ba gāba ba ce da sabuwar fasaha. Masu bincike sun ɗaura wa zakuna irin na'urar nan ta wuya a gandun dajin Waza, suka gane lokacin da sukan fita zuwa wurin shanu, ilimin nan kuwa ya amfani makiyayi da zaki duka. A Ingila, tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, domin a san mai shi in ya ɓata ko ya yi ɓarna. Na'urar da Banyo ta fi bukata ita ce firji mai aiki da hasken rana, wanda zai riƙe maganin allura da sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ma'aunin kowace na'ura ɗaya ne: wane ne take ceto?

Ga mai bi, wannan zance ya wuce na lafiya kawai. Shari'ar Musa, a littafin Fitowa sura 21, ta ɗora alhaki a kan mai sa wanda aka faɗakar da shi cewa sansa yana tunkuyi, amma ya ƙi tsare shi har ya kashe mutum. Mai kare a yau an riga an faɗakar da shi. A gari kamar Banyo, inda Kirista suke zaune a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kare ba ya tambayar addinin yaro kafin ya kai cizo. Wace shaida ce ta rage wa gidan da karensa ya sa maƙwabci ya binne ɗansa? Wa'azin shekara goma ba zai goge wannan ba.

Saboda haka bari dattawan ikkilisiya su je wurin ma'aikatan dabbobi, su roƙa a sa rana, su ba da filin majami'a domin a kawo karnukan unguwa duka, na Kirista da na Musulmi. Ran 28 ga Satumba ita ce ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da wannan ciwo, ta dace da wannan aiki. Bari zumuntar mata ta koya wa kowace uwa cewa in kare ya ciji yaro, a wanke raunin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Bari malaman makarantar Lahadi su faɗa wa yara cewa ba za a doki wanda ya faɗi gaskiyar cizo ba. Wanda kuwa ya ga ba zai iya ciyar da kare ya kuma yi masa allura ba, kada ya karɓi ɗan kwikwiyo ko da kyauta ne. Ubangiji ya ba jama'arsa hikima su riƙe amanar abin da ya sa a hannunsu.