Jimla Guda ta Labari ta Fi Kalmomi Ashirin

Ya kai mai karatu, sau nawa ka hardace kalmomin Faransanci da dare, gari ya waye sun gudu? Kada ka ce kanka ya tsufa. Kalma ita kaɗai kamar akuya ce marar turke. Labari shi ne turkenta.

Mu gwada da harshen da ya yi nisa da namu. A shekarar 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara aikin "Makaranta don Kowa" a jaharmu ta Tawa. Ga jimla guda cikin harshen mutanen can:

Mukashi mukashi, otoko ga ichiba de tamanegi o kaimashita.

Ma'ana: A can dā, wani mutum ya sayi albasa a kasuwa.

"Mukashi mukashi" da shi suke buɗe tatsuniya, kamar tamu ga ta nan ga ta nanku. Otoko namiji ne, ichiba kasuwa, tamanegi albasa, kaimashita ya saya. Yanzu rufe ido ka ga mutumin ga a Galmi, ya duƙa gaban buhu yana ciniki. Kalmomi huɗu sun zauna.

Nahawu kuma ya shigo ba sallama. Mu muna cewa "ya sayi albasa", su kuwa aikatau a ƙarshe yake zuwa. Ƙananan kalmomin nan suna bin bayan suna: "ga" mai yin aikin, "de" wurin da aka yi, "o" abin da aka saya. Wutsiyar "mashita" ta nuna abin ya wuce. Cire tamanegi ka sa uma, wato doki. Ka ƙera sabuwar jimla da kanka ke nan!

Wani zai ce, ai tatsuniya ta yara ce, magidanci ya wuce nan. To, wa ya koya maka Hausa? Kaka ce, da Gizo da Ƙoƙi, ba ta taɓa ba ka jerin kalmomi ba.

Shawarata ita ce, ko a Ƙonni kake, ko Malbaza, ko Illela, ka roƙi malaminku ya riƙa ba ku jimla guda ta labari kowace rana, da Faransanci. Ka maimaita ta a hanyar gona, ka sauya kalma ɗaya, ka faɗa wa ɗanka. Wata guda jimla 30 ke nan. Da haka wata rana za ka karanta takardar likita ba ka nemi kowa ba.