KALMAR MAKO: «SQUARE»

Mai karatu, kalmarmu ta wannan mako ta Ingilishi ce, kuma duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano ya taɓa jin ta a bakin magina ko masu saida darduma: «square», wadda maƙwabtanmu ke kira sukwaya.

Ma'anarta ta farko ita ce murabba'i, siffa mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya, abin da mushe ya koya mana a lakkwal da sunan «carré». Daga wannan «carré» ɗin ne muka samu karen da ake rabawa a gina gida, ba karen farauta ba. Abin dariya, Ingilishi daga tsohon Faransanci ya aro kalmar, ƴar'uwar «équerre» ce ta kafinta. Daga baya Faransawa suka sake aro ta suka laƙaba wa ƙaramin lambun shan iska na tsakiyar unguwa.

Ana kuma kiran dandalin gari da ita, ko da siffarsa ba murabba'i ba ce. Tafawa Balewa Square na Ikko tsohon filin sukuwa ne, a can aka yi bukin ƴancin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960.

Amma inda kalmar ke cin dukiyar mutane shi ne wajen awo. Idan takarda ta ce «10 square metres», metir kare 10 ake nufi, ɗan ƙaramin ɗaki. Idan ta ce «10 metres square», to fili ne mai metir 10 a kowane gefe, watau metir kare 100. Kalmomin ba su sake ba, wurin zamansu kawai ya sake, awo ya ninka sau goma. Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda bai duba ba, kada ya zargi tafinta.

Sai batun yadi. Har gobe akwai masu saida darduma da ledar ɗaki da ke awo da «square yard». Yadi bai kai metir ba, santimetir 91 ne da ɗoriya, saboda haka yadi sukwaya 100 ba su wuce metir kare 83,6 ba. Alhajin da ya auna zaurensa da metir a Damagaram, ya je ya biya da yadi, zai komo ya tarar da kusan kashi ɗaya cikin shida na daɓen a buɗe.

Akwai wadda na fi so. In abokin ciniki ya rufe littafi ya ce maka «we are square», ba siffa yake zance ba: lissafi ya daidaita, ba ka bin shi, ba ya bin ka. Sai dai a sa shi ya rubuta ta, ya sa hannu da kwanan wata.