Takardar Koke Ba Ta Kai Kanta Fada

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, maganar harsunan Nijar ta fita daga azuzuwan jami'a ta shiga kasuwa da tasha da wuraren shan shayi. Buƙatun da ke tasowa suna da yawa: littattafan karatu, horar da malaman makaranta, daidaita kalmomin kotu da na asibiti, da fayyace matsayin sauran harsunan ƙasar. Duk mai son ganin ɗaya daga cikinsu ta tabbata, ko ba daɗe ko ba jima zai ɗauki takarda ya bi mutane su sa hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka aiki ya ƙare ranar da shafukan suka cika da sunaye, alhali a ranar ce mafi wuyar aikin ke farawa.

Ɗalibin ilimin harsuna ya fi kowa cancantar gane haka. Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya nuna cewa akwai maganganun da furta su kansa aiki ne, kamar alkawari da umarni da roƙo, kuma ba sa inganta sai an cika sharuɗɗansu. Koke yana cikin wannan rukuni. Idan an faɗe shi ga wanda ba shi da ikon biyan buƙatar, ko ta hanyar da ba a yarda da ita ba, ya zama tamkar ɗaurin aure babu waliyyi babu shaidu: an taru, an yi magana, amma ba a ƙulla kome ba. Bahaushe ya san wannan tun kafin zuwan boko. Mai kuka yakan fara da mai unguwa ko mai gari, a yi masa iso, sannan ya faɗi damuwarsa a gaban fadawa, domin abin da aka faɗa a bainar jama'a ba ya musuntuwa gobe.

Tarihin Ranar Harshen Uwa ta Duniya ya isa misali. A ranar 9 ga Janairu 1998, Rafiqul Islam, ɗan asalin Bangladesh mazaunin birnin Vancouver a Kanada, ya rubuta wa Kofi Annan, babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, yana neman a keɓe 21 ga Fabrairu domin harsunan uwa. A irin wannan rana ce a 1952 ƴan sanda suka buɗe wuta a kan ɗaliban birnin Dhaka masu neman a amince da harshen Bengali. Amsar da ya samu ita ce, irin wannan shawara ƙasa ce mai kujera a majalisar ke kawo ta. Shi da abokinsa Abdus Salam ba su tsaya zargin kowa ba. Suka kafa ƙungiya mai haɗa masu harsuna dabam-dabam, suka juya ga UNESCO, suka kuma bi gwamnatin Bangladesh har ta gabatar da buƙatar da sunanta. Ranar 17 ga Nuwamba 1999 babban taron UNESCO ya amince, aka yi bikin farko a 2000. Buƙatar ba ta canza ba tsakanin wasiƙar farko da ranar nasara; ƙofar da aka ƙwanƙwasa ce ta canza, da hannun da ya ƙwanƙwasa ta.

Saboda haka, kafin a nemi sa hannun kowa, wajibi ne a san wane ne ke riƙe da alƙalamin da zai zartar da abin da ake nema. Abin da ya shafi tsarin karatun firamare yana hannun ma'aikatar ilimi, buɗe sabon sashe a jami'a yana bi ta majalisar jami'ar da ma'aikatar ilimi mai zurfi, allunan sunayen tituna kuwa maganar hukumar gari ce. Takardar da aka rubuta wa "hukumomin da abin ya shafa" ba ta da mai ita, kuma kowane ofis zai iya tura ta ga na gaba har ta ɓace a hanya.

Haka nan buƙatar kanta sai ta kasance abin da za a iya amsawa da i ko a'a. "A ɗaukaka harsunan ƙasa" fata ne, kowane jami'i zai amince da shi ya yi murmushi ya sallami baƙi. Amma idan aka ce a buga littattafan lissafi na aji kaza cikin harshe kaza kafin komawa makaranta, an ba shi abin da zai yi ko ya ƙi yi, kuma jama'a za su gani. Masu koke a Nijar ba su rasa madogara. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa tare da Faransanci, an tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance a 1999, dokar 2001 kuma ta jera harsunan ƙasa goma. Koken da ya tuna wa hukuma alkawarin da ita da kanta ta rubuta ya fi wanda ya zo da zafin rai kawai nauyi.

Akwai kuma batun harshen da aka rubuta takardar da shi, kuma a nan ne nauyi ya fi hawa kan masana harshe. An saba ganin koke cikin Faransanci tsantsa, a ƙarƙashinsa kuwa dangwalen yatsun manoma da matan kasuwa waɗanda ba a karanta musu abin da ke ciki ba. Wannan aron hannu ne, kuma duk jami'in da ke neman hanyar watsi da takardar zai kama nan. Daidai shi ne a rubuta ta cikin harshen masu sa hannu, a karanta musu a fili, a haɗa da fassara ga ofishin da ke buƙata. Idan kuma koken ya shafi manufar harsuna ta ƙasa baki ɗaya, bai kamata ya fito daga Hausawa kaɗai ba. Sa hannun masu Zabarmanci da Fulatanci da Kanuri da Tamajak da Tubanci da Gurmanci shi ne zai raba shi da zargin ƙabilanci, tunda matsayin da aka ba Hausa a 2025 ya jawo tambayoyi masu ma'ana daga masu sauran harsunan.

Ranar miƙawa tana da nata ladubban. A nemi iso a rubuce tun da wuri, a tura wakilai ƙalilan waɗanda suka san maganar ciki da waje, a ajiye kwafin kome, kuma kada a bar ofishin sai da takardar shaidar karɓa mai hatimi da kwanan wata. A nemi kuma a faɗi lokacin da za a ba da amsa. Daga nan ne aikin ƴan jarida ke shigowa, domin su ne fadawan zamani, shaidun da ke hana a ce ba a ji ba. A ƙasar da rediyo ya fi jarida isa ga jama'a, hira ta minti biyar cikin Hausa ko Zabarmanci a rediyon karkara ta fi dogon bayani cikin Faransanci tasiri, kuma saƙon murya a WhatsApp yana kaiwa inda rubutu ba ya kaiwa. Sai dai yayatawa tana da lokacinta. Wanda ya fara jin koke a rediyo kafin takarda ta iso teburinsa zai ɗauke shi cin fuska, ya shiga kare kansa maimakon duba abin da ake nema. A fara miƙawa, sannan a shelanta an miƙa, a faɗi abin da aka nema da ranar da ake jiran amsa, idan ranar ta zo kuma a koma a tambaya.

Mai shakka zai ce duk wannan wahala ce kawai, tunda mai mulki yana iya ƙi. Gaskiya ne. A Tarayyar Turai, masu kare harsunan tsiraru sun tara sa hannu sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari a ƙarƙashin shirin Minority SafePack, suka miƙa wa Hukumar Tarayyar a Janairun 2020, majalisar dokokin Turai ta mara musu baya a Disambar shekarar, amma a Janairun 2021 hukumar ta ce ba za ta gabatar da sabuwar doka ba. Yawan sunaye yana tilasta a saurari mutum, ba ya tilasta a biya masa buƙata. Duk da haka an tilasta wa hukumar ta ba da amsa a rubuce ta kuma faɗi dalilanta, kuma amsar da aka rubuta ana iya ƙalubalantarta, a auna ta, a sake ɗaga ta a gaban shugabannin gaba. Shiru ne ba a iya kamawa.

Masu karɓar koke su ma suna da abin lura. A Afirka ta Kudu, bayan umarnin 1974 da ya tilasta koyar da wasu darussa da harshen Afrikaans a makarantun baƙar fata, malamai da kwamitocin makarantu sun kai ƙorafi ta hanyoyin da doka ta tanada, aka yi biris da su. Ranar 16 ga Yuni 1976 ɗaliban Soweto suka fito titi, hoton Hector Pieterson da Sam Nzima ya ɗauka ya zagaya duniya, kuma cikin makonni gwamnati ta janye tilascin da ta ƙi janyewa a kan takarda, bayan an yi asarar rayuka masu yawa. Koke hanya ce mafi sauƙi da mai mulki ke da ita ta jin abin da ke damun jama'a tun yana ƙarami.

Ɗaliban harsuna na Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa suna da abin da yawancin masu koke ba su da shi: sun san yadda ake daidaita jimla ta faɗi abu ɗaya tak, sun san fassara, sun san ƙa'idar rubutu. Idan za a nemi wani abu domin harsunan ƙasar nan, su ya kamata su rubuta, su karanta wa jama'a, su raka takardar har teburin da ya dace, su kuma riƙe kwanan watan amsa.