Daga Las Vegas zuwa Ƙofar Mata: a daina yanke wa yaro hukunci da bidiyon daƙiƙa 30

Duk watan Yuli sai wayoyin masoya ƙwallon kwando su cika da alƙalai. A Amurka suna ce masa lokacin bazara, mu nan cikin birni ruwa ne ke ta zuba, kwatoci sun cika, amma hakan bai hana samari raba dare ba. Tsakaninmu da Las Vegas awa 8 ne, wasan da aka fara ƙarfe 6 na yamma can sai ƙarfe 2 na dare a Kano. Wanda ya samu wuta da data ya kalla, wanda bai samu ba ya jira guntun bidiyo da safe. Kafin a gama shan koko an riga an yanke hukunci a WhatsApp da TikTok: wane sabon LeBron ne, wane kuma an yi asarar kuɗi a kansa.

Ni dai ra'ayina shi ne yawancin wannan hukunci shirme ne. Da a ce iyakarsa gardamar majalisa ne, da ban ɓata muku data ba. Matsalar ita ce da wannan idon muke kallon yaranmu na gida, kuma su rayuwarsu ce a ciki.

Bari mu fara da ita gasar kanta, wato NBA Summer League. An fara ta Las Vegas a 2004 da ƙungiyoyi 6, kuma tun 2018 duk ƙungiyoyi 30 na NBA ke zuwa. Kowace ƙungiya tana buga wasa kamar 5 a cikin kwana goma da 'yan kai. Minti 40 ake yi maimakon 48 na kakar gaske, kuma a wasannin farko sai ɗan wasa ya yi ƙeta sau 10 kafin a kore shi, ba sau 6 ba. Su waye a fili? Sabbin yaran da aka zaɓa a watan Yuni, da wasu 'yan shekara ta biyu, sai tarin waɗanda babu mai riƙe da su, masu neman ko da ƙaramin kwantiragi ne, ko idon wata ƙungiyar Turai ya faɗa kansu. An haɗa su atisaye na 'yan kwanaki, wasu ma ba su gama riƙe sunan juna ba. To ka gaya mini, mutumin da abincinsa na baɗi ya rataya a kan wasa 5, in ƙwallo ta shigo hannunsa zai ba ka? Kowa ta kansa yake. Shi ya sa wasan yake zama kamar rububi, kuma shi ya sa makin da aka ci a cikinsa ba shi da nauyin da muke ɗora masa.

Ga misali. A 2012 mutum biyu aka haɗa aka ba kyautar gwarzon gasar: Damian Lillard da Josh Selby. Selby ya riƙa cin sama da maki 24 a kowane wasa, jifansa na nesa kamar da tsafi. Lillard kowa ya san inda ya kai. Selby kuwa wasa 38 kacal ya buga a NBA duk rayuwarsa. Gwarzon 2014, Glen Rice Jr., wasa 16 ya samu. Juya ɗaya ɓangaren: ranar 7 ga Yulin 2023 Victor Wembanyama ya yi jifa 13, biyu suka shiga, ya tashi da maki 9, intanet ta yi masa ca. A wasa na biyu ya ci 27, San Antonio ta ce ya isa haka, je ka huta. Ƙarshen kakar shi ne gwarzon sabbin 'yan wasa, ba wanda ya jefa wa wani ƙuri'ar farko. Cooper Flagg ma a 2025 jifa 5 ya ci cikin 21 a wasansa na farko, na biyu ya zuba 31. Nikola Jokic, da aka ɗauka a lamba ta 41 a 2014, ya zo Las Vegas a 2015 ya tafi ba wanda ya yi ta yayata shi, daga baya ya zama gwarzon NBA sau uku.

Lissafin ma ba wuya. A ce yaro ya yi jifan maki uku sau 25 a wasa 5. In 10 suka shiga, kashi 40 cikin 100 ke nan, a ce maharbi ne. In 7 suka shiga, kashi 28, a ce hannunsa ya karye. Bambancin maharbi da mai karyayyen hannu ƙwallo uku ce, wadda wata ta zagaya bakin kwando ta fito. A kan ƙwallo uku ake zagin iyayen mutane a sashen sharhi.

Na san abin da wani zai ce: ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne, kuma ba don shan iska manyan masu farautar 'yan wasa ke cika ɗakin Thomas & Mack ba. Ana gane wani abu. Sai dai abin da suke kallo daban ne da abin da mai yanka bidiyo ke nema. Su suna duba ƙafa kafin hannu: in ɗan gajere mai gudu ya tunkaro shi, yana iya ja da baya gefe-gefe ya tsare shi, ko ana wuce shi kamar turke? In ƙwallo ta zo masa, daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya san jifa zai yi, fasin zai bayar ko kutsawa zai yi? Me yake yi idan ƙwallo ba ta hannunsa, yana motsi yana buɗe wa wasu hanya ko tsayawa yake yana kallo kamar ɗan kallo? Bayan ya ɓarar, da gudu yake komawa tsaro ko sai ya tsaya yi wa alƙali ƙorafi? Jifan fanareti, wanda ba mai tare ka, ya fi faɗin gaskiyar hannun mutum fiye da jifan nesa biyar da suka shiga a dare ɗaya. Sannan akwai tambayar da ta fi duka: abin da ya iya ɗin nan, zai yi amfani ranar da ba shi ne mai riƙe ƙwallo ba? Domin a babbar ƙungiya akwai masu ita, shi sabon yaro minti 10 za a ba shi a ce tsare wane, tsaya a kusurwa. Mai cin 25 da jifa 25 ba shi da wurin zama a nan, mai tsaro da saurin fahimta yana da shi.

Sai shekaru. Ɗan shekara 23 da ya gama jami'a ya murƙushe ɗan 19, wannan ba labari ba ne. Ɗan 19 da ya iya tsayawa da ɗan 23 ko da maki 8 ya ci, shi ne abin rubutawa.

Masu rini na Ƙofar Mata sun fi mu sanin wannan. In aka tsoma ƙyalle a karofi aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi, kuma sai an yi ta tsomawa ana ɗagowa kafin launin ya kama. Wanda bai san sana'ar ba, in ya ga tsomin farko cewa zai yi an ɓata kaya.

To 'yan taku kaɗan daga wannan marinar akwai filin wasa na Sani Abacha, da rufaffen ɗakinsa inda Kano Pillars ta ƙwallon kwando take wasa. Ƙannenmu da yawa sun ɗauka Pillars ta ƙwallon ƙafa ce kawai. Ta kwando ta ɗauki kofin Najeriya sau da dama, ciki har da 2013, 2014, 2016 da 2017, kuma a 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira. 'Yan wasanta irin su Abubakar Usman sun sa rigar D'Tigers. Wato garin nan ba baƙo ba ne a wasan. Amma tun rikicin shugabancin hukumar NBBF da ya ɓarke a 2017, gasar ƙasa ta koma yau akwai gobe babu, har a 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya na ɗan lokaci, abin da ya jawo wa D'Tigress rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya. Idan babu kaka mai tsawo, yaro ba shi da inda zai tara tarihi. Abin da ya rage masa shi ne gasar hutu ta kwana uku, sansanin horo na mako guda, da wayar abokinsa.

Ka ga bambancin ke nan. Wanda ya je Las Vegas, kafin ya sauka ƙungiyoyi suna da bidiyon wasanninsa na jami'a ko na Turai cikakku, da awon tsayinsa da faɗin hannunsa, da rahoton likita. In ya ɓata dare ɗaya, akwai dare 100 da za su yi masa shaida. Yaron Yakasai ko Gwammaja fa? Daren nan ɗaya shi ne komai nasa. In ranar ya tashi da zazzaɓi, ko takalmin aro ya matse shi, shi ke nan an ce ba shi da wasa. In kuma ya yi sa'a ya danna ƙwallo cikin kwando a kan wani, aka sa wa bidiyon kiɗa, gobe ya zama tauraro, ya fara ganin makaranta ɓata lokaci ce.

A nan ne dillalai ke shigowa, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna. Wani zai turo saƙo a Instagram, wai ya ga bidiyonka, akwai makaranta a Amurka ko ƙungiya a Turai, a turo kuɗin fom da na biza. Uwa ta sayar da ɗan abin da ta tara, yaya ya ci bashi a kasuwa. Ka tuna duk NBA gurbi 15 ne na cikakken kwantiragi a kowace ƙungiya, wato 450 ga duniya baki ɗaya, kuma kusan mutum 60 ake zaɓa a shekara. Ko zaɓen ma ba tabbas ba ne: Cleveland ta ɗauki Ejike Ugboaja daga Union Bank ta Legas a lamba ta 55 a 2006, bai taɓa buga wasan kaka na NBA ko ɗaya ba, sai a wasu ƙasashe ya yi sana'arsa. Duk wanda ya yi maka alƙawari bayan kallon daƙiƙa 30, bai tambayi cikakken wasa ba, bai tambayi sakamakon makaranta ba, bai nemi magana da kocinka ba, wallahi aljihun gidanku yake kallo.

Mu ma muna da namu laifin, maganar rage shekaru. Kowa ya san ana yi, a kwando da ƙwallon ƙafa duka. A 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi gwajin MRI ana dab da wasan neman gurbi. Ɗan 21 da ya shiga gasar 'yan ƙasa da 17 zai yi ta cin maki, a ɗauke shi, a bar ɗan 16 na gaske a benci. Bayan shekara uku shi na ƙaryar ya tsaya cak don ya riga ya gama girma, na gaskiyar kuma ya daɗe da komawa tuƙa adaidaita. An yi asarar mutum biyu, sannan an ja wa duk mai fasfo ɗin Najeriya zargi.

Abin haushin shi ne mutumin da ya nuna wa duniya yadda ake kallon yaro da haƙuri a nan maƙwabta ya tashi. Masai Ujiri a Zariya ya girma, a can ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, ya fara aikin farautar 'yan wasa wa Orlando ba albashi, yana yawo ƙasa-ƙasa da kuɗin aljihunsa. Toronto ɗin da ya jagoranta ta ci kofin NBA a 2019 da Pascal Siakam na Kamaru, wanda ya fara wasan a makare aka ɗauke shi a lamba ta 27, da Fred VanVleet wanda a 2016 ba ƙungiyar da ta zaɓe shi, ta hanyar gasar bazarar ya samu shiga. Ga amfanin gasar ke nan a hannun wanda ya san abin da yake nema. Gabe Vincent ma ba a zaɓe shi ba, amma shi ya ci maki 21 ranar 10 ga Yulin 2021 da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87, a Las Vegas ɗin nan dai.

Abin da nake ganin za mu iya yi a Kano ba ya buƙatar jiran Abuja. Dogon hutun makaranta yana kama ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Maimakon gasar kwana uku ta faɗuwa ɗaya ka koma gida, masu shiryawa su yi ta zagaye, kowace unguwa ta samu wasa 8 ko 10. A raba rukuni da shekarun gaske, a haɗa takardar haihuwa da ta firamare, ai malamin da ya koyar da yaro a aji ɗaya ba zai manta shekarar ba. A zaunar da mutum biyu a tebur da takarda da biro, su rubuta jifa nawa aka yi, nawa suka shiga, wa ya ɓarar, wa ya cafe wadda ta dawo daga kwando. Ɗaliban BUK da ke zaman hutu za su iya wannan. Ku kuma masu waya, a kafa ɗaya a sama a ɗauki wasan tun daga busa ta farko har ta ƙarshe, a ɗora shi a YouTube yadda yake, da ɓararwar da komai. Guntun mai kiɗa a bar shi don nishaɗi, ba wanda ya hana. A auna tsayin kowane yaro da faɗin hannunsa a farkon hutu, baɗi a sake aunawa, a ajiye a littafi guda wanda ba zai ɓace da canjin shugaban kwamiti ba. 'Yan mata ma a ba su nasu rukunin da lokacin da iyaye za su yarda, tunda D'Tigress ce ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta 2024, abin da mazan ba su taɓa yi ba.

In aka yi haka shekara uku a jere, duk kocin da ya zo daga makarantar NBA ta Saly a Senegal, ko daga wata ƙungiyar BAL, ko ma daga Pillars ɗin kanta, za a miƙa masa wasa 30 na yaro ɗaya, da tsayinsa na kowace shekara, da sakamakonsa na makaranta. Kuɗin da za a kashe bai wuce na littafi, biro, awon tela da sandar riƙe waya ba.